Jatau da Tikitin da ke Cikin Waya

Hansatu ba ta manta ranar da ta fara ganin Jatau ba. Ya kawo caji rumfarta, ta ce wayarsa ta yi zafi, ya bari ta huce. Sai ya zauna yana yi mata fifita da hularsa, yana hura ta kamar kunu. Shi da kakarsa Tabawa kaɗai ne a gidansu, sai wani rago mai ɗingishi. Gari na yi masa dariya. Ita kam tun ranar ba ta iya yi masa dariya ba.

Wata rana aka ba Kaka ranar aikin ido a birni, wadda in ta wuce sai baɗi. Hansatu ta yankar musu tikitin jirgin ƙasa a wayarsa. Ta ce, "Akwai hatimin sirri a cikinsa, ba mai iya ƙirƙiro irinsa. Ka ɓoye wayar da kyau." Jatau ya naɗe ta a zani, ya tura cikin rumbun gero. Da Hansatu ta kira shi, rumbu ya kama waƙa. Kaka ta yar da tsintsiya tana salati, ta wuni a maƙwabta.

Wata rana, ana gobe tafiya, Hansatu ta ƙara masa: "Hatimi ba ya hana a ɗauki hotonsa a riga ka shiga. Kada ka nuna wa kowa sai na'urar ƙofa."

A tasha, wani mai rigar ma'aikata yana bin layi, wai tantancewa yake, yana ɗaukar hoton wayoyin mutane. Ya iso kan Jatau.

"Malam, tikiti."

"Kai na'ura ne?"

"Kai mahaukaci ne?"

"A'a, Jatau ne."

Har ma'aikacin gaskiya da ke bakin ƙofa Jatau bai nuna masa tikitin ba. Jatau ya kife hula a kan wayar, ya durƙusa ya yi wa na'ura sallama, sannan ya nuna mata ita kaɗai. Ta kunna koriyar wuta, suka wuce. Mutumin da ke bayansu kuwa, wanda aka ɗauki hoton wayarsa, ja ta ba shi: an riga an shiga da tikitinsa. Aka waiga, mai riga ya ɓace.

Hansatu, da ta yi musu rakiya, ta tsaya jikin taga har jirgi ya fara motsi. Ta gyara mayafinta, ta ɗaga murya.

"Jatau! In idon Kaka ya buɗe, ka turo kawunnanka gidanmu. Na yi alkawari ba zan ce a'a ba."