Kwamiti Ya Shimfiɗa wa Bunu Kwalta

Jiya Talata na shiga layin mai a Kazaure da azahar, na fito bayan la'asar, tankin babur ɗina yana nan yadda na kawo shi. Mai gidan man ya leƙo ya ce tanka tana hanya. Tun watan jiya take hanya, baiwar Allah. Na ajiye babur a gidan wani abokin aikina, na hau bayan akori-kura tare da buhunan gero na koma Roni. Ba ƙorafi nake yi ba. Ƙasarmu mai arzikin mai ce, kuma manya sun yi mana bayani a rediyo cewa man yana nan jingim, mu ne muka cika gaggawa.

Littafi ne ya kai ni Kazaure. Ga wanda bai san ni ba, malamin firamare ne ni, shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Maiɗakina Saude tana koya wa matan unguwa karatun boko a tsakar gidanmu. Su goma sha huɗu ne: masu ƙosai, masu kitso, masu saƙa, da Inna Shatu mai ƙuli-ƙuli, wadda ta haura hamsin kafin ta rubuta sunanta da hannunta. Sun iya karatu, sai dai babu abin karantawa. Littafin aji ɗaya sun haddace shi, har suka koma karanta jikin gwangwanin madara da katin asibiti. Shi ya sa a dogon hutun bara na zauna na rubuta musu labarin soyayya.

Labarin ba shi da wuya. Bunu ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, Rahamatu kuma ungozoma ce a ƙauyen Tsamiyar Hamma, can bayan Gwiwa. Wani ya kai mata gulma cewa Bunu ya sake shawara kan aurensu. Ta rubuto masa cewa idan bai zo ba kafin Juma'a, za ta karɓi canjin wurin aiki ta tafi. Littafi na ɗaya ya ƙare Bunu yana layin mai, wasiƙar tana aljihunsa.

Muhammadu Lawal mai injin buga takardu a Kazaure ya buga mini ɗari uku. Ni dai matan tsakar gidana na nufa, sai ga wasiƙu daga Yankwashi, daga Kanya Babba, har da ɗaya daga ƙetaren iyaka. Wata ta rubuto: "Malam, ka ji tsoron Allah ka ba yaron nan mai." Hutun bana kusan duk a kan amsa su ya tafi. Kowace wasiƙa na mayar da amsarta, na haɗa da ita wasiƙar a ciki bayan na gyara mata rubutu da jan biro, don hannuna ya riga ya saba. Kuma kowa na yi masa alkawari ɗaya: na biyu zai fito kafin a koma makaranta. Saura mako uku.

Sai Allah ya albarkace mu da sabon kwamiti, Kwamitin Tsabtace Karatun Matasa. Mutum tara ne, da sabuwar mota, da masu tafireta huɗu a kan tafireta ɗaya. Muhammadu Lawal ya ce in babu hatiminsu ba zai taɓa injinsa ba, yana da iyali. Zuwana na farko da rubutun littafi na biyu, shugaba ya tafi taro. Na biyu yana nan, amma mabuɗin aljihun teburin da hatimi yake ciki ya bi masinja wurin suna. Jiya ne na uku, aka shigar da ni gaban shugaban, Mai Girma Uban Hatimi da kansa.

Na shiga ina shirin kare soyayyar, ko da yake Bunu da Rahamatu ba su taɓa wuce gaisuwa daga bakin zaure ba.

"Malam, soyayyarka lafiya lau," in ji Mai Girma. "Ni kaina sai da na yi ƙwalla a shafi na talatin. Matsalar hanya ce. Ka rubuta motar Bunu ta kafe a laka kwana biyu a hanyar Tsamiyar Hamma."

"Ranka ya daɗe, ta kafe. Ni ma na taɓa kafewa a wurin."

Ya jawo fayil mai kauri ya buɗe mini. "Hanyar nan an shimfiɗa mata kwalta shekara huɗu da suka wuce. Ga takardar kammala aiki. Ga hoton ranar buɗewa, ka ga ni nan na uku daga hagu."

"Allah ya ƙara girma, na san kwaltar. Taku hamsin ce, daidai inda aka tsaya aka ɗauki hoton."

"Malam, kai ka fi fayil sani?"

Na ce Allah ya tsare ni.

"Sannan layin mai. Babu layin mai a yankin nan. Abin da ake gani taruwar masu ababen hawa ce. Ka gyara."

"Ranka ya daɗe, idan akwai mai kuma akwai kwalta, Bunu zai isa cikin awa ɗaya. Littafin zai ƙare a shafi na uku."

Ya yi murmushi irin na wanda aka yaba wa. "To ka ga amfanin aikinmu ke nan. Mun rage wa masoya wahala."

Ni mutum ne mai bin doka. Yau da safe na zauna na rubuta yadda aka umarce ni, shafi uku cif. Da hantsi Inna Shatu ta iso zaurena da Dela mai kitso da wasu biyu, don labari ya kai musu na dawo. Na karanta musu. Bunu ya sha mai ya cika tanki, ya hau kwalta sumul, ya isa kafin azahar, Rahamatu ta yi murmushi.

"Ya ƙare?" in ji Inna Shatu.

"Ya ƙare, Inna."

"Wace Tsamiyar Hamma? Wadda 'yata take aure?"

"Ita."

"Ranar sunan jikana a kan jaki na ƙarasa garin nan, ruwa har cikinsa." Ta gyara lulluɓi. "Ka ji, Malam. Na yarda akwai namijin da zai bar kasuwar Babura ranar cinta saboda mace, ko da ban taɓa ganin irinsa ba. Wannan ƙarya ce mai daɗi, mun karɓa. Amma kwalta? Yara ka mai da mu? Idan ka buga wannan ni na bar karatu. Na koma gwangwanin madara, shi ko ba komai abin da ya faɗa ne a cikinsa."

Shekara biyu Saude ta yi tana lallashin tsohuwar nan kafin ta yarda ta riƙe fensir. Na yi musu bayanin hatimi, da Muhammadu Lawal da iyalinsa, da mako ukun da suka rage.

Dela ta ce, "Malam, shi kwamitin nan, inji yake tsaro ko hannun mutane?"

Na duba takardar da suka ba ni. Na ce inji.

"To ina na gaskiyan? Kawo shi."

Na ɗauko shi, shafi saba'in. Kafin in ce wani abu sun shige da shi wurin Saude, an aika an kira sauran, an raba. Kowace za ta kwafi rabonta a littafin rubutu, su yi musaya har kowace ta samu cikakke, sannan masu zuwa kasuwa su kai wa na Babura da Yankwashi su ma su kwafa. Inna Shatu, wadda ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce layi biyu ba, ta ɗauki shafi biyar, ta ce a ba ta wurin lakar, ita ta san ta. Zuwa azahar ta yi shafi ɗaya da rabi. Na leƙa daga bakin ƙofa na ce ko ta huta.

"Yaron mutane yana cikin taɓo ka ce in huta?"

Saboda haka masu aiko mini wasiƙa, alkawari yana nan. Na biyu zai zo muku da rubutun hannu, babu hoto a bango, kuma wani wurin sai kun yi haƙuri da baƙaƙen. Wanda ya same shi ya kwafa ya miƙa gaba.

Roƙona ɗaya ne. Za ku ga Bunu ya bar motar a laka ya ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Don Allah kada wanda ya kai maganar nan kunnen kwamiti. Ina tsoron a buɗe wani fayil a tarar tun bara aka raba wa kowane saurayi a yankin nan sabon keke.