Nomau da Hoton Inna

A Rafin Kanya akwai wani gida mai mutum huɗu, kafin damina ta ɗauke ya koma mai mutum uku. Akwai Baba, tsohon maƙeri. Akwai babban ɗansa Ashiru, mai shagon hoto a bakin kasuwa, da kwamfuta ɗaya da janareto mai yawan tari. Sai ƙaninsa Nomau, mutum har da gemu, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Ta huɗun ita ce Inna. Tun da aka kai ta makwancinta Baba ya daina cin abinci, sai kurɓar koko. A ajiye masa tuwo, a dawo a ɗauke shi yadda yake. Abu ɗaya ya roƙa, a haɗa masa hotonta ya rataya a ɗaki. Ashiru ya ce to. Amma duk sanda ya buɗe hoton Inna a kwamfuta sai allon ya yi masa ruwa-ruwa, ya rufe. Shi ya sa ya fara koya wa Nomau aikin, ko shi zai iya.

Wata rana aka kawo aikin kalandar biki. Ashiru ya nuna masa yadda ake shimfiɗa hoto kan hoto, sannan a riƙa goga na saman da linzamin kwamfuta, yana dusashewa kamar hayaƙi har na ƙasa ya leƙo.

"Fara daga ƙafar ango ka yi sama a hankali, furannin baya su fito. Kada ka tsaya sai na ce ya isa."

Janareto ya hau tari, Ashiru ya fita ya duba shi. Da ya dawo ya tarar da abokin ango tsaye ya riƙe baki. Amarya tana nan da gwaggwaronta. Gefenta furanni ne, sai hula ita kaɗai a sama.

"Nomau, ina angon?"

"Ba ka ce ya isa ba, Yaya."

Abokin ango ya ce, "Malam, bar shi haka. Dama hular ta fi shi kyau."

Wata rana Alhaji Mati mai taki ya zo yana so a tsayar da shi gaban wani gidan bene da ba nasa ba. Ashiru zai tafi ɗaukar hoton suna, ya bar wa Nomau aikin. "Sharaɗi ɗaya ne. Kada mai hoto ya ga inda aka haɗa." Nomau ya yi iya yinsa, amma da aka wanke hoton sai ga layi a kafaɗar Alhaji. Ya ɗora babban yatsansa a wurin, ya miƙa.

"Sakar min hotona mana."

"Yaya ya ce kada ka ga mahaɗin, Alhaji."

Alhaji ya ja, Nomau ya bi. Haka suka ratsa 'yan tumatir da 'yan nama, hoto ɗaya hannu biyu, mutane suna tambaya ko gado ake rabawa. Sai a ƙofar masallaci Ashiru ya cim musu ya ɓamɓare yatsan.

A gida kuwa wuyan rigar Baba sai ƙara faɗi yake. Da yamma yakan tambaya ba tare da ya ɗaga kai ba, "Hoton fa?" Ashiru ya ce ana kai.

Wata rana Ashiru ya ce wa Nomau, "Samo min gajimare mai kyau da za mu sa a bayan Inna." Hotunan gajimare suna nan cike da kwamfutar, can yake nufi. Nomau ya rataya kyamara ya hau soron shago. Damina ta riga ta tafi da kayanta. Ya wuni a can, rana ta gasa shi, ya sauko da la'asar sakaliya da hoton sama shuɗiya fayau.

"Bai zo ba, Yaya. Gobe zan koma."

Ashiru ya karɓi kyamarar ya ajiye.

Wata rana Baba ya ƙi ko kokon. Ashiru ya san jira ya ƙare. Hoton Inna ɗaya ne a duniya, a bikin sunan maƙwabta aka ɗauka. Ba ta son a ɗauke ta, ta juya kai ta ja mayafi, fuskar ta yi dishi-dishi. Tana riƙe da kwanon tuwo za ta kai wa baƙi. A shagon, hoton mamaci fuska ake bari, jiki ya narke cikin gajimare. Ashiru ya zaunar da Nomau, shi kuma ya juya wa allon baya.

"Ka bar inda ya fi fitowa. Sauran ka dusashe shi a hankali. Ka wanke ka kai wa Baba, ni ba zan iya gani ba."

Ya ji ƙarar injin wanke hoto, ya ji fitar Nomau. Can zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya rufe shago ya bi shi gida.

Ya tarar da hoton a cinyar Baba. Ya leƙa. Babu fuska. Mayafin ya narke, kafaɗu sun narke, duk sun zama fari-fari kamar tururi. Hannuwa biyu ne kawai suka rage a tsakiya, riƙe da kwano, da guntun lalle a farce, da zoben azurfa, da tabon ƙuna a bayan na dama.

"Nomau! Me ka yi wa Inna?"

"Nan ne ya fi fitowa, Yaya."

Ashiru ya durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Kawo in sake."

Baba bai saki ba. Ya daɗe yana kallo, yana bin zoben da ɗan yatsa.

"Ita ce," in ji shi. "Tun muna yara aka kawo ta gidan nan, ban taɓa ƙura mata ido ba, ita ma haka. Kunya ba ta bari. Ta shigo da sallama, ta durƙusa, ta ajiye. Waɗannan nake gani." Ya taɓa tabon. "Wannan a maƙerata ta same shi, ta kawo min fura."

Ashiru ya sunkuyar da kai. Shi ma ya gane su. Su suka riƙa taɓa goshinsa in yana zazzaɓi.

Baba ya jingina hoton da bango a ƙasa, daidai bakin tabarma, inda ake ajiye masa kwano.

"Nomau, tuwon rana yana nan?"

"Yana nan, Baba. Ya huce."

"Kawo shi haka nan."

Nomau ya kawo shi haka nan, ko ɗumamawa bai yi ba. Baba ya jawo buta ya wanke hannu, ya yi bisimilla.