Ranar da Na Shafa wa Kyamarar Kawu Kitse

Ko zan manta da sunana, ba zan manta da ranar da muka je Maradun ɗaukar Kaka hoto ba. Har yau in na ji ƙuda na kuka kusa da kunnena sai in ji kunya ta rufe ni.

Mu a Talata Mafara mahauta ne, tun kakan kakanmu. Kawu Sani, ƙanin Innarmu, shi kaɗai ya bar wuƙa ya kama tuƙin mota a wurin aikin dam na Bakolori. Can ne wani Bature ɗan Italiya da zai koma gida ya bar masa wata tsohuwar kyamara. Na ce tsohuwa, ina nufin ta girmi Kawun kansa. Gilashin gabanta, wanda yake kira ido, yana da rubutu zagaye da bakinsa, kuma Kawu kan nuna wa mutane rubutun ya ce shaidar ƙirar Jamus ce ta asali (ni dai na karanta, na ga lambobi kamar jarrabawar lissafi, na bar masa abinsa). Yana da 'yar roba da yake busa wa idon iska, da wani ƙyalle mai laushi da ko gumin fuskarsa ba ya sharewa da shi.

To, an ce ruwan dam ɗin zai ci tsohuwar unguwar su Kaka a Maradun, kowa ya kwashe ya koma sabon wuri. Kaka ta ce ƙafarta ba za ta taka mota ba sai an ɗauke ta hoto a ƙofar zaurenta, ita da 'ya'ya da jikoki, don gobe a san gidan ya taɓa wanzuwa. Aka sa rana. Ana gobe tafiya, da la'asar, Kawu ya ba ni jakar kyamarar ya ce, "Ajiye min a ɗaki. Ajiyewa na ce, ba buɗewa ba."

Yana juya baya na buɗe.

Na cire murfin, na karkata idon wajen haske, sai na ga wani shuɗi-shuɗi da ja-ja yana yawo a kan gilashin. Na ce a raina: Tsatsa! Ni da na tashi cikin wuƙaƙe, wa zai koya mini tsatsa? (Daga baya ne na ji wai da gangan masu ƙera shi suka sa wannan launin, kuma shi ne rabin darajarsa.) A gidanmu maganin tsatsa sananne ne: a goge da toka, a bi da kitse. Allah ya rufa mini asiri, Inna ta riga ta kwashe tokar murhu ta zubar. Saboda haka na wuce mataki na biyu. Na yanko kitsen bijimi mai kyau, na ɗan gasa shi ya yi laushi, na shafe idon ciki da baki har da zoben da ake murɗawa. Ya yi ƙyalli kamar goshin ango. Na mayar da murfi ina jin kaina injiniya.

Kuma bakina bai bar ni ba. Washegari a cikin mota na gaya wa duk 'yan'uwana cewa na yi wa kyamara sabis, su jira su ga aiki.

Mun isa an gama ɗaure kaya, direban babbar mota yana ta latsa ham. Kaka ta sha sabon zane ta zauna a tsakiya, dangi suka jeru, maƙwabta suka cika wurin kallo. Kawu ya gyara hula, ya cire murfi, ya kanga kyamara a ido. Ya sauke. Ya murje idonsa, ya sake kangawa.

"Ikon Allah," ya ce. "Ina ganin ku kamar kun faɗa cikin kunu."

Kafin kowa ya amsa sai ga ƙuda ɗaya ya sauka a kan gilashin. Ya aika aka kira danginsa. Wallahi ƙudajen Maradun kaf, har da na Bakura da suka zo ziyara, suka bar dabbobi suka yi wa kyamarar Kawu rawani. Kawu ya kai ta hanci ya sunsuna. Ya daɗe yana sunsunawa.

"Wa ya kai kyamarata mahauta?"

Ƙanwata Hadiza, wadda ba ta taɓa riƙe magana ta kai minti ba, ta ɗaga hannu kamar a aji: "Yaya ne ya yi mata sabis!"

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Wani tsoho ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Kaka ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, hoto muka ce a ɗauka ko tsire?"

Direba ya ce shi fa zai tafi. Nan Kaka ta daina dariya, ta dubi zaurenta. Kawu ya tura yaro da gudu ɗakin shan magani aka samo sifirit. Ya zauna a inuwa yana ɗiga kaɗan a ƙyalle, yana share idon a hankali daga tsakiya zuwa gefe, yana canza wuri mai tsabta, yana hararata tsakanin kowace shara. Ni kuwa aka ba ni aikin da ya dace da ilimina: kamun kunne, da korar ƙuda in an ce in ɗago.

Hoton ya fito. Zauren yana nan, kowa yana nan, ni ma ina can gefe a duƙe, ɗuwawu sama. Sai dai ɗan maiƙon da ya rage ya sa fuskar Kaka ta yi sumul, babu tamoji ko ɗaya. Ta rataye shi a sabon ɗakinta tana gaya wa baƙi haka take a zahiri, tsufan nan sharrin madubi ne.

Abin da na koya shi ne, in ka ga abin da ba ka gane ba a kayan wani, tambayi mai shi kafin ka nufi kwanon kitse. In kuma ka riga ka shafa, to don Allah kada ka yi shela a cikin mota, musamman in Hadiza na zaune kusa da kai.