Hannun Gida

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A lokacin shekarata uku ina koyar da kimiyyar halittu a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Arlit, kuma darasin gado shi ne abin taƙamata. In na hau allo na zana akwatin nan mai gida huɗu, na jera abin da uba zai bayar a sama, abin da uwa za ta bayar a gefe, sai in ji kamar an ba ni makullin gaibu. Kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har a kasuwa, ni kuwa ina amsawa da ƙirji a buɗe.

Tun matata Rakiya tana da ciki na gama halittar yarinyar a takarda. Na faɗa mata kalar da za ta yi, da irin kunnenta, da ko za ta iya naɗe harshe (Rakiya ta ce in dai za ta iya shan nono, sauran duk nawa ne). Da aka haihu ungozoma ta miƙo mini ita, na fara duba aikina, sai na ga wani ɗan yatsa yana reto a gefen ƙaramin yatsanta, hannu biyu duka. Cindo ne. Ungozoma ta ce ba komai, abu ne da suka saba gani, ni kuwa na san wannan ba ya cikin takardata.

A ranar na zauna na yi lissafi irin na masana. Cindo yawanci hali ne mai rinjaye, wato in ɗaya daga cikin iyaye yana da shi ya isa, kowane ciki kuma rabi da rabi ne, ko ya fito ko kada ya fito. To, ni yatsuna goma, Rakiya goma. Don cika ƙa'ida na buga wa Inna waya a ƙauyenmu wajen Damagaram, na tambaye ta ko an taɓa haihuwar mai cindo a danginmu. Ta yi shiru, sannan ta ce in tambayi gwaggona, ta kashe. Ni ɗan fari ne, Inna ko sunana ba ta faɗa, balle ta zauna tana ba ni labarin haihuwata. Yaro ɗan shekara goma ma zai gane shirun nan, amma ni sai na rubuta "babu" a takardata na ja masa layi.

Sai ya rage hanya ɗaya a ganina: wani abu ya taɓa iri. A garin nan na haƙar yuraniyom kuwa ba sai ka yi nisa wajen neman wanda za ka ɗora wa laifi ba. Tsoron ƙurar ma'adini tsoro ne na gaske, kowane gida da labarinsa. Surukina Baba Isuhu ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin ƙasa, a ramin Akokan, har zuwa lokacin da aka rufe shi. Na haɗa wannan da wancan, na je har gida na durƙusa na gaishe shi, sannan cikin ladabi (ladabin ya fi komai muni) na bayyana masa cewa abin da ya shaƙa a rami ne ya bi jinin Rakiya ya fito a hannun jikarsa.

Dattijon bai yi mini musu ba. Ya tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata, na ce ilimi ne ya faɗa. Daga ranar ya daina zuwa majalisa, abinci ma sai an matsa masa. Da ya zo barka ya ƙi karɓar yarinyar, ya ce hannun da ya cuce ta ba zai ɗauke ta ba. Maganar ta zaga unguwa, har aka fara raɗe-raɗin cewa 'ya'yan gidansa jininsu ya lalace, ga shi da sauran 'yan mata biyu a gabansa. Rakiya ta yi kuka ta roƙe ni in bar zancen. Na ce mata gaskiya ɗaci gare ta, ina jin kaina wani jarumi.

Ana gobe suna Gwaggo Zuwaira, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, ta iso daga gida bayan kwana biyu a mota. Hanyar Agadas ta farfasa mata jiki, ko jaririyar ba ta duba da kyau ba ta kwanta. Ni kuma ban tambaye ta komai ba, tunda na riga na ja layi.

Da safe aka raɗa suna Nana A'isha, aka raba goro da dabino, maza suka zauna a tabarmi ƙofar gida ana jiran shayi. Wani maƙwabci ya tambaye ni gaskiyar abin da ake faɗa game da hannun yarinya. Da ina da hankali da na ce Allah ya raya. Maimakon haka na share ƙasa da tafin hannu na zana akwatina mai gida huɗu a gaban liman da abokan aikina da iyayen ɗalibaina. Baba Isuhu yana can ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa, carbi a hannu. Ina cikin bayanin cewa a wajenmu an bincika babu, sai muka ji guɗa daga cikin gida, irin wadda ake yi in amarya ta iso.

Gwaggo ce ta fito, mayafi a karkace, tana faɗin yarinya ta ɗauko hannun gida. Mata sun riga sun ba ta labarin abin da na ƙulla. Ta ratsa tsakiyar maza ba ko sallama, ta cafke hannun da nake zane da shi, ta juya shi sama kamar mai duba kaza a kasuwa.

"Kai ɗan nan, wannan mene ne?"

Akwai wani ɗan ƙulli a gefen ƙaramin yatsana, bai kai ƙwayar dawa ba. Tun ina yaro nake ganinsa. Na ce mata kantar yawan rubutu ce (wallahi haka na ɗauka, har ɗalibai nakan nuna wa in ce su ga alamar karatu). Ta saki wannan ta kamo na hagu, ta ɗaga shi kowa ya gani.

"Da hagun ma rubutu kake? Ni na ɗaure maka su da zare da hannuna, kafin suna suka bushe suka faɗi. Ubanka haka, kakanka haka."

Na tsaya ina kallon hannuwana kamar yau aka ara mini su. Shekara talatin da ɗoriya ina ci da su, ina alwala da su, ina nuna allo da su, ban taɓa tambayar me ya sa ƙullin yake wuri ɗaya a hannu biyu ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, ko da ramin Akokan ɗin ne. Wani abokin aikina ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, kafaɗunsa suna rawa.

Na jira Baba Isuhu ya wanke ni tas, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Shi kuwa sai ya ajiye carbi ya ce a kawo masa jikarsa. Aka kawo ta. Ya rungume ta, ya buɗe ɗan hannun yana ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya har shida, hawaye yana bin gemunsa. Na rarrafa na durƙusa gabansa ina neman gafara. Bai ɗago ba ya ce:

"Ba komai, Mushe. Kwana shida ke nan ban ci tuwo ya zauna mini ba. Ka ce su zubo mini."

An cire wa Nana yatsun a asibiti, yanzu tana da ƙulli biyu irin nawa. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Mushe Cindo a lakwal, kuma har yau shi ne. Na daina jin haushi. Duk shekara in mun zo darasin gado, kafin in taɓa alli nakan ɗaga hannuwana biyu in ce su zo su duba, sannan in aika kowa gida ya tambayi tsohuwar gidansu, ba a waya ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ko takawa ban yi ba, da shi nake nuna mutane.