Yadda Ake Rubuta Gwajin Manhaja Da Ba Ya Faɗuwa

Ya kai mai rubuta manhaja, ka san gwaji: ɗan rubutun nan da ke yi wa manhajarka tambaya. In ta amsa daidai allo ya yi kore, in ta kuskure ya yi ja. Na yi maka alkawari, muddin ka bi waɗannan matakai, kai da ja har abada. Da su na kammala wa shugabarmu, Injiniya Haula, manhajar raba lokacin injin ban ruwa tsakanin manoman barkono a Gashuwa.

1. Ka fara da amsa.
Ka kunna manhajar, ka kwafi duk abin da ta faɗa, ka mai da shi amsar da ake nema. Shekara huɗu na yi a jami'a ina burin jarrabawa irin wannan.

2. Ka gwada da manomi ɗaya tak.
Ni sunan Modu na sa. Kada ka tambayi kanka Modu nawa ne a ƙungiyar manoman. Zurfin tunani ke kawo ja, na kuwa daɗe ina jinyarsa.

3. Gwajin da ya yi gardama, ka sa a tsallake shi.
Ka rubuta "za a duba" a kansa. Ba a dubawa.

4. Ka bar allo ya yi magana.
Injiniya za ta ce, "Siddiƙ, kujerarka fa a kan wannan aikin take. Yana tafiya kuwa?" Ka juya mata kwamfuta, ka sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

5. Ka dake ranar da manoma suka zo.
Manhajata ta ɗauki Modu goma sha ɗaya a matsayin mutum guda, ta kira su duka Talata da ƙarfe takwas, injin kuwa ɗaya ne. Goma suka yi mako ba ruwa. Babban cikinsu ya shigo ofis riƙe da busasshen reshe.
"Ɗana, kai ne mai na'urar?"
"Ni ne, Baba. Amma a nan komai kore ne."
"Madalla. Ɗauko ta mu je ka nuna wa barkonon."

Sanarwa: ban ɗauki alhakin gonar kowa ko kujerar kowa ba. Mai ƙorafi ya same ni a Nguru, shagon cajin waya na kawuna. Kujerata tana hannun abokiyar aikina Zahra. An ce allonta kullum da ja yake wayar gari, kuma kowane Modu yana samun ruwansa.