Malam Barau da Akwatin Zuma

Wani mutum ne ana ce masa Malam Barau, jami'in horarwa a wata ma'aikatar gona. Idan ya fara ba da labarin kansa a kantin ofis, shayi har ya huce ba a samu wurin sa baki ba. A faɗarsa, babu malamin gonan da bai bi ta hannunsa ba, kuma bai taɓa shirya bitar da ta gaza ba. Nan kam gaskiyarsa ce. Manufar da yake rubuta wa kowace bita ita ce "wayar da kai da zurfafa tunani". To wa zai leƙa kan mutum ya ce bai waye ba?

Ana nan sai Daraktan Horarwa ya yi ritaya, kujera ta zama fanko. Malam Barau ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya fara amsa "Darakta" a bakin masinjoji. Saura kawai ya gudanar da bitar kiwon zuma ga malaman gona, a tabbatar masa.

Ya kai takardar shirin wurin sabuwar Babbar Sakatariya, Hajiya Indo, mace marar yawan magana. Ta karanta ta ɗago.

"Malam Barau, ranar rufe bitar nan, me zan gani da idona?"

"Za ki ga kawuna sun waye, ranki ya daɗe."

"Ta ina ake gani?"

Ya yi tari.

Ta ce, "Rubuta mini abin da mutum zai iya yi da hannunsa bayan ya tashi daga gabanka, wanda da can bai iya ba. Ranar rufewa zan zo in duba. In na gani, kujerar taka ce."

Da wani ne da sai ya rubuta ɗan abu daidai ƙarfinsa. Ban da Barau. Nan take ya zaro biro ya rangaɗa: "A ƙarshen bita, kowane mahalarci zai iya buɗe akwatin zuma, ya ciro saƙa, ya mayar da murfi, cikin natsuwa, ba gudu ba ihu." Har da ja masa layi.

Hajiya ta ce, "Wannan ya fito sarai."

Sai da ya fito waje ya gane ya ɗaure kansa. Shi dai zuma a kan burodi ya san ta. Duk bitar ma a ɗaki mai sanyi ya tsara ta, da majigi da hotuna.

Amma Barau ba ya rasa dabara. Ya ɗauko wani akwati daga sito wanda ƙuda ko ɗaya bai taɓa kwana ciki ba. Ya je kasuwa ya sayo saƙar zuma mai ɗiga, ya jera a ciki, ya rufe, ya ajiye ƙarƙashin mangwaro a bayan ofis tun farkon mako. Kowa ya buɗe zai ciro zuma lafiya lau. Abin da bai sani ba, wanda kuma yake cikin hotunan da shi da kansa yake haska wa mutane, shi ne ƙudan zuma na jin ƙamshin zuma daga nesa, kuma ba su da rowar labari.

Ranar rufewa aka jera kujeru nesa kaɗan da mangwaron. Hajiya Indo ta sa aka karanta manufar da ƙarfi, sannan ta nuna wani dattijon malamin gona mai suna Tanimu ta ce ya gwada.

Tanimu ya taka ya nufi akwatin. Ya tsaya. Ya karkata kunne. Sai ya dawo da baya a hankali, ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, ai ba ma shiga gaban malaminmu. Oga ya fara sa mana albarka."

Sauran ma duk suka ce haka ne, ladabi ya hana su.

Barau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kin gani ko, Hajiya? Tsoro. Ni ƙudan zuma sanina suke yi."

Aka miƙo masa rigar kariya da hular raga, ya ture. Aka miƙo gwangwanin hayaƙi, ya ce na 'yan koyo ne. Ya naɗe hannun babbar riga ya tafi yana taku ɗai-ɗai. Ya ji wani zuuu yana tashi, ya ce a ransa janaretan ofis ne.

"Ku lura da kyau," in ji shi. "Da farko, natsuwa."

Ya ɗaga murfi.

Buuu. Abin ya taso baƙi ƙirin. Na farko ya same shi a leɓe, tsau. Na biyu a fatar ido. Sauran suka ga babbar riga a buɗe suka shige kamar an gayyace su. Barau ya yar da murfi, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya zuba a guje. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ya zaga motar Hajiya, ya tsallake kujeru, ya faɗa tafkin gwajin kifi, tsulum. Mahalarta kuwa tuni suna cikin ɗakin bita sun rufe tagogi, suna kallo cikin natsuwa.

Da ƙura ta lafa aka tsamo shi, aka zaunar da shi a baranda. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya yi kamar ƙosai, ruwan kifi na ɗiga. Tausayi kam ya ba da, har Tanimu na yi masa fifita.

Hajiya Indo, wadda tuni ta shige motarta, ta sauke gilashi kaɗan.

"Sannu, Malam Barau. Rubutunka ya yi kyau, ban sha wahalar dubawa ba. Buɗewa ka iya, na shaida. Saura ciro saƙa da mayar da murfi. Ga akwatin can a buɗe. Koma ka ƙarasa, in sa hannu a takardar kujerarka yanzu."

Barau ya juya da idon da ya rage ya dubi mangwaron. Har yanzu ana zuuu.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, a ba wani."