Ɓauna Ta Rasu a Tsakiyar Rafi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kan da har yau ban iya ɗaga shi a gaban mutane ba, ni mai gyaran famfunan burtsatse, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar a-kori-kurata mai injin dizal, wadda aka fi sani da Ɓauna. Ta ce ga garinku nan ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a tsakiyar rafin da ke kan hanyar gonarmu ta gado, bayan gajeriyar rashin lafiya da ba ta kai minti ɗaya ba. Ta yi shekara goma sha ɗaya a hannuna, ban da shekarun da ta yi a hannun masu ita na farko, waɗanda dillali ya rantse min ba su wuce shekara uku ba.

Marigayiya ta shigo gidanmu ne cikin rigima. Lokacin da na yi niyyar sayen motar shiga daji, Yayana malamin gona, wanda ya ba ni shekara bakwai kuma bai taɓa bari na manta ba, ya kira ni ɗakin Inna ya ce in sayi mai fetur irin tasa.

"Sayi motar da kowane bakanike na bakin hanya zai iya tayar maka," in ji shi. "Dizal in ya yi fushi a daji, sai ka ɗauko masa gwani daga gari."

Na ce masa ni aikina na bututu ne da siminti da taɓo, injin da zai ja kaya nake so, yawon duba ganyen masara kuwa ko keke ya isa. Magana ta yi zafi har Inna ta kashe rediyonta. A nan gabanta muka ƙulla alkawari: duk ranar da motar ɗayanmu ta ja ta ɗayan da igiya, wanda aka ja zai cire injinsa ya sa irin na ɗan uwansa, sannan ya tsaya a gaban Inna ya faɗa da bakinsa cewa ɗan uwan nasa ya fi shi sanin mota. Inna ta ce Allah ya shirye mu, ta kunna rediyonta.

Duk wanda ya san marigayiya zai shaide ta da ƙarfi da juriya. Ba ta da gaggawa, kuma ba ta son a yi mata. Ka sa mata ƙaramar giya ka ɗaga ƙafa, sai ta kama tudu tana cewa gud-gud-gud-gud, da bututu ashirin a bayanta, ba ta ko canza murya. Ba ta da haɗama. Tanki ɗaya ya kai ta ƙauye huɗu ya dawo da ita, alhali motar Yaya, wadda a gidana muke kira 'Yar Gayu, ba ta iya wuce gidan mai ba tare da ta tsaya gaisuwa ba. Marigayiya mai sada zumunci ce, domin in ta tashi da safe babu gidan da ba ya jin sallamarta a layinmu. Maƙwabcina tela ya daina sayen agogon ƙararrawa tun shekarar da ta zo. Mai rufa asiri ce kuma. Shekara goma sha ɗaya matata tana kawo min ƙarar danginta da nawa a cikin motar nan, ina gyaɗa kai, ban taɓa jin kalma ɗaya ba, kuma ba mu taɓa yin faɗa a hanya ba.

Ba za mu ce ba ta da nata halin ba. In gari ya yi sanyi sai an lallashe ta. Za ta ce kir-kir-kir ta yi shiru, ta sake cewa kir-kir-kir, sannan ta yi tari ta turnuƙe tsakar gida da baƙin hayaƙi, a kwashe shanya a guje. Gabanta yana da nauyi, in ta samu yashi mai laushi takan dasa hanci ta yi tunani. Ranar da na bari dizal ɗinta ya ƙare, ta shaƙi iska ta ƙi tashi, ni da jarka muka taka tafiyar awa biyu a rana. Waya tana aljihuna, lambar Yaya tana ciki, igiya tana bayan motarsa. Na gwammace tafin ƙafata ya yi bororo.

Shi ma Yaya ya sha nasa. Wata damina na same shi a gefen hanya, 'Yar Gayu ta taka ɗan kududdufi ta suma, fulogi ya jiƙe. Na tsaya, na fito da igiyata sabuwa fil, na ce, "Yaya, ko in taimaka?" Bai ko kalle ni ba. Ya zauna a kan dutse yana goge fulogi ɗaya bayan ɗaya da hankicinsa, ni kuma na jingina da Ɓauna ina taya shi jira, har da miƙa masa ruwan sha. Tun daga ranar na samu karatun da nake yi wa duk wanda ya tsaya saurare: dizal ba shi da fulogi, saboda haka dizal ba ya tsoron ruwa. Na faɗa a gareji, na faɗa wajen aski, na faɗa wa likitan da ya duba min ido. Har na sa aka rubuta a ƙofar bayanta da jan fenti, BA FULOGI BA FARGABA.

Ga yadda ajali ya zo. Inna ta ce tana son ganin gonar da mahaifinmu ya bari, rabonta da ita shekara uku. Muka shirya tafiya da mota biyu. Da aka zo shiga, Inna ta dubi wannan ta dubi waccan, ta nufi tawa, wai kujerar ta fi tudu tana son kallon hanya. Na buɗe mata ƙofa ina satar kallon Yaya, na ji daɗi har cikin raina.

Da muka isa rafin, mun tarar an yi ruwa a can sama, ya cika ya yi ja, yana tafe da itace da ciyawa. Yaya ya kashe mota ya fito. Ya tsinke kara ya kafa a bakin ruwan, ya ce mu ba shi awa ɗaya, rafin nan yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa. Na leƙo ta taga na ce masa masu fulogi su jira, mu za mu je mu share musu wurin zama a gona. Inna ta riƙe hannun ƙofa ta ce, "Kai, ka ji maganar yayanka mana." Na ce, "Inna, ki dai ɗaga ƙafarki kaɗan."

Marigayiya ta shiga ruwan nan da mutuncinta. Gud-gud-gud, ruwa ya rufe taya. Gud-gud, ruwa ya hau fitila. Na ga igiyar ruwa ta taso ta kwanta a kan bonet, na ƙara taka mata wuta don in nuna wa na bakin gaɓa yadda ake yi. Sai ta ce gud, ta ce ƙwas, irin ƙarar da ƙashi ke yi a bakin kare. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Na murɗa makulli, ko kir ba ta ce ba. A karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya na ji muryar wanda ke zaune kusa da ni a cikin motar muna tsakiyar tafiya, Inna ce, tana salati, ruwa ya kai mata gwiwa.

Yaya ne ya shigo ruwan da kayan jikinsa, har ƙirji. Shi da ke fama da ciwon baya ya goya Inna ya fitar da ita, ina tsaye a kan bonet riƙe da jakarta. Takalminta ɗaya ya bi ruwa. Wannan ba zan yi masa ado ba: na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, kuma tsoro ya kama ni, don na ga abin da bakina ya kusa jawowa. Da Inna ta zauna a kan gaɓa ta matse zanenta, ta dube ni ta ce, "Furfura a kanka, amma har yau kai ne dai."

Bayan awa ɗaya, kamar yadda aka faɗa, ruwa ya bar karan da Yaya ya kafa da taku biyu. Ya warware igiyarsa, ya ɗaura a gindin marigayiya, 'Yar Gayu ta yi ɗan kukanta na 'yan mata ta fizgo mu waje. Haka aka ja mu har cikin gari da baya-baya, ta cikin kasuwa, rubutun jan fentin nan yana kallon Yaya ta madubi tun daga rafi har ƙofar gareji. Na shirya wa gori, na tanadi amsoshi. Da muka tsaya, Yaya ya kwance igiyarsa ya naɗe ta a hankali, ya ce, "Sannu. Allah ya kiyaye gaba." Da ya zage ni da na fi samun barci.

Bakanikenmu, wanda ya yi jinyar marigayiya tun zuwanta, ya buɗe ta ranar Lahadi a gaban shaidu. Ya zaro sandunan fistin guda biyu daga cikin injin, sun lanƙwashe kamar cokalin da aka taka, ga rami a gefen injin da hannu zai shiga. Ya ce ta hanci ta sha ruwan, ta wurin da take shaƙar iska, wanda yake nan ƙasa da fitila. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, dizal kuma ya fi kowane inji matsa abin da ya shiga cikinsa. Na ce masa amma ai ba ta da fulogi.

"Maigida, ai da tana da shi da wataƙila ta tsira," in ji shi. "Mai fetur matsoraci ne, yana jin ruwa sai ya suma tun bai sha da yawa ba. Naka jarumi ne, ya yi ta haɗiya har ya karye."

Na tambaye shi me ya hana shi gaya min tuntuni. Ya ce ya fara sau uku, ni ne ba na bari a kai aya.

Marigayiya ta rasu ta bar taya huɗu masu rai da ta biyar wadda ba ta taɓa sanin iska ba. Ta bar batir biyu, da jarkar dizal rabi da yanzu ba ta da mai ita, da baƙin tabo a bangon tela daidai inda salansarta ke kwana. Ta bar igiya sabuwa fil da aka saya domin wani. Ta bar matata, wadda ta ce ta ji an ce injin fetur ba shi da ƙara, kuma tana da maganganu da yawa da take son mu tattauna. Ta bar ƙauyuka shida da famfunansu suka tsaya, suna kirana safe da yamma, waɗanda ba ruwansu da wane mai mota ke sha.

Saboda su ne ba za a tsawaita makoki ba. Gangar jikin marigayiya za ta ci gaba da aiki, amma wadda muka sani ta tafi. Bakanike ya samo injin fetur, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya kunna min shi a kan benci. Ya tashi a bugu ɗaya, yana wani siririn sauti kamar keken ɗinki. Na juya baya na share idona.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a garejin bakanike da ke bayan masu walda. Za a sauke injin da sarƙa, a tsiyaye sauran ruwan da ke cikinsa, a miƙa shi ga masu sayen tsohon ƙarfe. Mai fenti zai zo da farin fenti domin ƙofar baya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo shawara, an samu isasshiya. Duk wanda ya taɓa jin wani bayani daga bakina game da fulogi da ruwa, ya yi haƙuri ya bar shi a gida.

Bayan an gama za a wuce ɗakin Inna, inda zan cika alkawari. Na je na sami Yaya a keɓe na roƙe shi ko zan iya faɗa a rubuce. Ya ce shi ya yafe, ba sai na faɗa ba, ai duk kasuwa ta gani. Inna ce ta ce ba ta yafe ba. Ta ce a gabanta aka ƙulla, a gabanta za a kwance, a tsaye, da ƙarfi, kuma sai jikokinta sun hallara.

A ƙarshe, ana sanar da jama'a cewa ruwan sama ya ɓata layin garejin, ƙananan motoci ba za su iya shiga ba. Masu zuwa su taru a ƙofar gidan Yaya da ƙarfe tara da rabi, shi zai kwashi mutane a motarsa. Inna ce a gaba. Ni za ku same ni a baya, tare da yara.